Tukunyar Yaya Ado

Tun da na dawo daga Kafanchan ba a bar ni na yi ɗinki da natsuwa ba. Duk wanda ya shigo shago, kafin ma ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Habu, yaya kudun? Wai da gaske a gidan Kirista ka kwana?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura kowa in ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Jiya ma na ji wai a kan dutse na tsinci Yaya Ado yana kiwon aladu. Kai, mutanen Tudun Wada! To ga shi daga bakina, kowa ya ji sau ɗaya ya bar ni in taka kekena.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu biyu Inna ta haifa, Yaya Ado da ni. Tun yana saurayi ya samu taɓin hankali. Ba ya duka, ba ya zagi. Yawo ne kawai da surutu shi kaɗai, wani lokaci ya tsaya tsakiyar titi yana ba motoci hannu. Shekaru muna haka, har ran da ya shigo mini shago ba riga a gaban wani babban mutum da nake yi wa awo, yara na biye da shi suna tafi. A ranar na sayo sarƙa da kwaɗo, na ɗaure masa ƙafa a ɗakin baya. Na ce wa kowa don lafiyarsa na yi. Wata huɗu yana ciki. Ran nan ina kasuwa, Inna ta ɗauki mabuɗin ta kwance shi ya sha iska, ya fita ƙofar gida, shi ke nan. Muka neme shi Zariya da kewaye, asibiti da tasha, har wata tara ba labari.

Inna ta daina cin abincin kirki. Ta kwanta, murhun da ta fi shekara hamsin tana durƙusawa a gabansa ko kallonsa ba ta yi. Yaya Ado ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta zauna hira da shi ba. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Babu labarin yayanka?" Daga baya maganar ta koma, "Ni dai in ga yayanka kafin in tafi." Likita ya ce hawan jini ne, amma ni na san abin da ke cinta, kuma na san wanda ya jawo.

Wani direban babbar mota da nake yi wa ɗinki ne ya zo da labarin. Ya je lodin citta wajen Kafanchan, ya ga mutum a wani ƙauye bayan Kagoro, ya ce in ba Yaya Ado ba ne to tagwayensa ne. Ya haɗa ni da wani dillalin citta, Alhaji Ɗanlami, ya ce in sauka a wurinsa.

Da abokai suka ji zan tafi, sai shawara ta yi ta zuba. Kada ka ci abincinsu. Kada ka sha ruwansu. Ka cire hula tun daga Kaduna. Ni kuwa duk na ɗauka. Na cika jaka da burodi da kifin gwangwani, na kuma sa sabuwar igiya, don na san ba zai biyo ni da daɗi ba.

A Kaduna na tsallaka gada zuwa tashar motocin kudu. Mota mai cin mutum bakwai aka cusa mu tara, ni ina tsakanin ƙofa da wata mata mai jiki da ta riƙe kaza a cinya. Kafin direba ya tayar, matar ta ce a rufe ido, ta yi addu'a da Hausa tsaf, ta rufe da sunan Yesu, mota ta amsa da amin. Ni ma na karanta addu'ar hawa abin hawa a hankali. Direba ya hango bakina ta madubi ya ce, "Malam, ɗaga murya mana, hanyar nan tana buƙatar duka biyun."

A Mararaban Rido masu talla suka rufe mu, gasasshiyar masara, ayaba, gyaɗa. Matar ta sayi masara ta karya biyu ta miƙo mini. Na ce na ƙoshi, cikina kuwa na ƙugi tana ji. Gaba kaɗan muka isa shingen sojoji, aka ce kowa ya buɗe jaka. Soja ya zaro hulata, ya zaro igiya, ya dube ni ya ce, "Wannan fa?" Bakina ya yi saurin cewa, "Akuya zan saya, ranka ya daɗe." Ya mayar ya ce mu tafi. Muna barin wurin matar ta fashe da dariya har kazar ta tsorata. Ta ce, "Malam, sa hularka, rana zai ƙona maka sanƙo. Wa kake ɓoye ma? Goshinka ya riga ya faɗa mana tun a gareji." Na shafa tabon sallar da ke goshina, na sa hulata, na kuma karɓi masarar da ta sake miƙo mini.

Hausarsu ta can sai ka saba. Mace ma "ya zo" ce, "ya tafi" ce. Da farko ina ta gyara musu a zuci, kafin mu wuce Kachia na gaji na bari, don duk abin da suke nufi ina ganewa. Muka bi ta Zonkwa, aka sauke masu zuwa Zangon Kataf, da la'asar muka shiga Kafanchan ƙafata ta dama ta mutu murus.

Alhaji Ɗanlami dattijo ne mai fara'a. Kakansa ne ya zo garin da aikin jirgin ƙasa, su duk nan aka haife su, har yaren mutanen wurin yana ji. Ya sauke ni a ɗakin da ke jikin sito na citta. Jama'a, kada Allah Ya sa ku kwana kusa da busasshiyar citta. Atishawa na yi ta yi har maƙwabta suka gaji da yi mini addu'a. Aka kawo faten acca da yakuwa da gauta. Na leƙa kwanon na ce a raina wannan ai abincin mai jinya ne, sai ga ni ina neman ƙari na biyu. Da muka gama Alhaji ya ce ya san mutumin da nake nema, Malam mutanen ƙauyen suke ce masa, tunda bai taɓa faɗin sunansa ko garinsu ba. Ya ce, "Malam Habu, in ba ka shawara. Gobe ba ɗauko shi za ka je yi ba. Roƙo za ka je yi." Na ce to, amma ban gane ba.

Da safe ɗan acaɓa ya kai ni Kagoro, muka bar kwalta muka bi gindin dutse har wani ƙaramin ƙauye. A ƙarƙashin mangwaro kusa da coci mata sun kewaye tulin ɗanyar citta, kowace da 'yar wuƙa tana tsagawa biyu don a shanya. A tsakiyarsu ga namiji ɗaya, an yi masa aski, rigarsa wankakkiya, kumatunsa sun ciko. Hannunsa ya fi na kowa sauri. Na tsaya ina kallo, ban san lokacin da na ce "Yaya!" ba.

Ya ɗago. Yana ganina ya saki wuƙar, ya ruga bayan wata 'yar tsohuwa ya tsuguna, ya kama idon sawunsa da hannu biyu. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya, ni yake gudu.

Tsohuwar ita ce Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata ta cocin. Gajeriya ce, amma in ta yi magana har ƙarshen ƙauyen ana ji. Ta nuna mini wani kututture can nesa ta ce in zauna. Sai da ta lallashe shi ya koma kan aikinsa sannan ta zo ta zauna gabana. Ta ce wata safiya sun zo sharar coci suka same shi kwance a baranda, ƙafarsa ta kumbura tana wari, ƙuda na bi. Suka ɗora shi a mota zuwa asibiti a Kafanchan, aka wanke ciwon, aka kuma rubuta masa maganin kai da yake sha kullum har yau. Sannan ta dube ni cikin ido.

"Ɗana, likita ya ce wannan ciwo na ƙarfe ne. Wa ya ɗaure shi?"

Na so in ce wani mai magani ne. Maganar ta zo har bakina. Amma na ce, "Ni ne, Mama."

Can ta ce, "To. Ka faɗi gaskiya, shi ya sa ba zan kore ka ba. Amma ba zan ɗauke shi in ba ka kamar buhun citta ba. In ya ce zai bi ka, ya bi ka. In bai ce ba, ka gaida gida." Da ta ɗauki jakata za ta kai ɗaki, bakin igiyar ya leƙo. Ta zaro ta, ta juya ta, ta ce, "Na gode da tsaraba, dama akuyana yana ta shiga gonar mutane."

Da rana ta take, wata mata ta zo da tukunya a ka, 'yar madaidaiciya ta dalma, an shafa wa hannuwanta shuɗin fenti. Ta sauke gaban Yaya Ado. Ni kuwa na juya baya na ɓalle kifin gwangwanina, ina tsoma burodi. Mama Rifkatu ta zo ta tsaya a kaina.

"Abincinmu kake tsoro?"

Na fara kame-kame, wai cikina ne ba ya son baƙon abinci.

Ta ce, "Ka ga tukunya can? Na Malam ne shi kaɗai. Alade bai taɓa shiga ba, kare bai taɓa shiga ba, ko cokalin da ya taɓa burkutu ba ya zuwa kusa. In nama ne, wurin mahauta Hausawa a kasuwan Kagoro muke saya. In kaza ne, akwai Bafillace a bayan rafi, shi yake yanka mana."

Na ce ta yaya suka san Musulmi ne, mutumin da ko sunansa bai faɗa ba? Ta ce tun yana asibiti, ƙafa a naɗe, in lokaci ya yi sai ya nemi ruwa ya wanke hannu da fuska ya kalli gabas. Wani lokaci raka'a biyu, wani lokaci ya yi ta yi har sai an taɓa shi. Da suka dawo da shi matan zumunta suka zauna. Gida goma sha ɗaya suka ɗauka, kowane gida da ranarsa, suka haɗa hannu suka sayi sabuwar tukunya don kada a yi kuskure. Kullum da safe shi da kansa yake ɗaukarta wankakkiya ya zo wurin Mama ya ce, "Yau gidan wa?" Ta faɗa masa, ya kai. Ta ce akwai wani dattijon coci da ya ce tunda Ubangiji Ya kawo shi ƙofarsu, a shigar da shi ciki kawai a yi masa baftisma. "Na ce masa a'a. Wannan ɗan wani ne. Mace ya haife shi, yana can yana kuka. Mutum da hankalinshi ba ya wurin, ba za mu canja masa hanya ba. Yadda muka same shi, haka za mu mayar."

Daga baya Alhaji Ɗanlami ya gaya mini cewa a shekarar nan cuta ta cinye musu citta a gona, abin da na ga ana tsagawa ɗan abin da ya tsira ne. Akwai gidajen da sau ɗaya suke ɗora girki a yini, amma ranar Malam ba ta taɓa faɗuwa ba. A lokacin dai na rufe gwangwanina, kunya ta kama ni. Da Yaya ya ƙoshi ya tashi, na je na zauna na cinye sauran tuwon acca da miyar karkashin da ya bari. Ina ci hawaye na zuba, matan suka yi kamar ba su gani ba.

Kwana uku na yi a ƙauyen. Ɗakin ɗan Mama da ke aiki a Jos aka ba ni, aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka nuna mini gabas. Abu ɗaya ne ban saba da shi ba har na taho, aladun maƙwabta da ke gurnani a bayan taga. Ran farko ina cikin sallar asuba ɗaya ya yi wani irin kuka, saura kaɗan in sallame a raka'ar farko. Mata a can su ne noma, su ne kasuwa, kuma miji da mata su zauna su ci a kwano ɗaya a tsakar gida ba mai kallonsu. Da yamma matan zumunta suna koyon waƙa, suna buga bakin tulu da wani abu kamar faifai, Yaya na zaune a waje yana kaɗa kai. Ba wanda ya ce ya shigo, ba wanda ya ce ya tashi. Yaran garin in sun wuce sai su ce, "Malam, sannu," don an gaya musu duk wanda ya tsokane shi zai gamu da Mama.

Rana ta biyu na ga aljihun rigarsa ya yage, na ce bari in yi abin da na iya. Na aro keke a gidan wata mata, na sa aka sayo mini yadi a Kagoro. Amma da na zaro tef zan auna shi, sai ya zabura ya ja baya, idonsa a kan tef ɗin. Na gane abin da ya gani. Na ajiye shi a ƙasa, na tura masa da ƙafa, na miƙa hannuwana na ce, "Yaya, kai ka fara auna ni." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauka ya zagaya mini ciki da shi, ya ce, "Habu, ka yi tumbi." Matan suka kwashe da dariya. Ran nan ya bari na auna kafaɗarsa, amma da na ce mu tafi gida sai ya tashi ya bar mini wurin.

Rana ta uku na ce wa Mama na rasa yadda zan yi, ga Inna can kwance. Ta ce, "Mamanshi yana da rai, ka zauna kana ɗinki? Kira shi a waya su yi magana!" Na ce ai ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Mama ta riƙe haɓa. "Yesu! Mu a nan da sunan ɗan fari ake kiran mace har ya mutu. Ku kuma ɓoyewa kuke yi? To yau dai a ajiye kunya."

Waya ba ta kamawa sai a kan wani falalen dutse bayan coci. Muka hau mu uku, Yaya na gefen Mama. Na kira matata na ce ta kai wa Inna wayar, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Na ce, "Inna, ga shi kusa da ni, yana jin ki." Shiru. Har na ɗauka layin ya yanke, sai muka ji muryarta can ƙasa.

"Ado."

Shekarata arba'in da shida ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Yaya ya daskare. Ta sake cewa, "Adamu. Ɗana."

Ya ce, "Na'am, Inna."

"Ka zo gida in gan ka."

Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Ba sarƙa?"

Na buɗe baki zan rantse, Inna ta riga ni. Ta ce, "Na ba 'yan gwangwan ita tun ran da ka tafi. Wanda ya sake kawo ta gidan nan ban yafe masa ba." Na ce, "Na ji, Inna." Na durƙusa a kan dutsen nan na ce, "Yaya, ka yafe mini." Abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe mota ƙarfe nawa?"

Da safe gidaje goma sha ɗayan nan duk suka fito rakiya. Mama ta damƙa mini katin asibiti da sauran maganinsa, ta sa na maimaita mata yadda ake sha har sau biyu. Ta ce, "Ka ba shi aiki. Mutum da ba ya aiki, ko mai hankali ne zai lalace." Suka yi addu'arsu, na yi tawa. Ya ƙi hawa babur sai da tukunyarsa, Mama ta ce dama tasa ce. Da muka tashi ta juya baya tana gyara ɗankwali, ba ta yarda ya ga fuskarta ba. Har Zariya tukunyar na kan cinyarsa, ni ina gefe ina ɓare masa gyaɗa.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Inna ta sa aka tayar da ita zaune. Ya durƙusa a gabanta, ta shafa kansa, ta shafa kumatunsa, ta kai hannu har kan tabon ƙafar ta bar shi a wurin. Gaban mutane ba ta sake kiran sunan ba. Abin da ta ce kawai, "Sun kula da shi. Allah Ya kula da su." A ɗakina ya kwana, ƙofa a buɗe.

Gari na wayewa na fito na same shi tsaye a tsakar gida cikin sabuwar rigarsa, ya wanke tukunya ya rungume. Ya dube ni ya ce, "Habu, yau gidan wa?"

Na tsaya kamar an dasa ni. A layin nan aka haife mu, gidan baffa na nan, gidan gwaggo na nan, masallaci ɗaya muke sallah da kowa, amma na rasa gida ɗaya da zan ambata masa, don ni kaina ban taɓa fita na nema masa ba. Ina cikin wannan sai na ji motsin labule. Inna ce, ta dafa bango, zaninta a ɗaure tamau, tana takowa a hankali wajen murhu. Matata ta ruga za ta riƙe ta, ta ture hannun.

Ta ce, "Yau gidana ne. Kawo tukunyar nan. Kai kuma Habu, tsayuwar me kake yi? Hura mini wuta."